Mu Shirya Ranar da Yaranmu Za Su Zagaya Bakin Ruwan Mairuwa

Duk lokacin da aka ce tsaro ya inganta a kudancin Katsina, shaidar da ake kawowa kusan iri ɗaya ce: kasuwar mako ta ci, motoci sun koma bin hanya, an kwana biyu ba a ji ƙarar bindiga ba. Duk wannan abin godiya ne ga Allah. Sai dai ni malamin makaranta ne, labarin ƙasa na koyar tun ina saurayi a wannan yanki namu na Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, kuma ina da nawa ma'aunin. Ranar da malami zai tara ɗalibansa da sanyin safiya, su taka zuwa bakin dam ɗin Mairuwa, su bi gefen ruwa ta ƙarƙashin itatuwa, su zauna su ci guzurinsu, su dawo kafin azahar, iyayensu kuma suna gida hankali kwance, ranar ce zan ce lafiya ta dawo ƙasarmu. Wannan rana ba za ta zo da kanta ba. Shirya ta ake yi, kuma ina ganin lokacin fara shirin ya yi.

Akwai wata tafiyar ƙafa ta rukuni da yaran yankinmu suka yi cikin daji wadda duniya duka ta ji labarinta. A daren Juma'a, 11 ga Disamba 2020, 'yan bindiga suka shiga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara, suka tasa ɗaruruwan yara a gaba, suka kora su cikin duhu ta hanyar da babur kaɗai ke iya bi. Sai ranar 17 ga watan aka sako su a ɓangaren Zamfara, yara 344. Duk wanda ya ga hotunan isowarsu Katsina ba zai manta da ƙafafun nan ba: babu takalmi, sun yi furu-furu da ƙura, wasu suna ɗingishi. Waɗannan yara yanzu samari ne, wasu ma sun yi aure. Ƙannensu kuwa sun tashi da wannan labari a matsayin abin da shiga daji ke nufi. Yaron da aka haifa a Yankara ko Sheme ko Daudawa a shekarun nan, in ka ce masa “daji”, abin da zai zo masa a rai shi ne wurin da ake kai mutum a ɗaure shi har a kawo kuɗin fansa. Ba laifinsa ba ne. Abin da ya gani ke nan, abin da ya ji manya suna raɗa a zaure ke nan.

Wannan asara ba ta shiga lissafin kowa. Ana ƙirga rayukan da aka rasa, da shanun da aka kora, da gonakin da aka bari, kuma ya kamata a ƙirga. Amma ba wanda ke ƙirga ilimin da ya tsaya cak. Ka ɗauko ganyen ɗorawa da na tsamiya ka miƙa wa ɗan aji ɗaya na ƙaramar sakandare, ka ce ya rarrabe maka, za ka ga yana juya su yana kallonka. Alhali da daddawa aka yi miyar da ya sha jiya, kuma daga kalwar ɗorawa ta fito. Man kaɗen da kakarsa ke shafa masa a hunturu bai taɓa ganin bishiyar da ta haife shi ba. Mu ba a allo muka koyi waɗannan ba. Ƙafa ce ta koya mana: zuwa kiwo, zuwa itace, bin yayye tsintar kaɗanya da asuba a farkon damina, hawan kanya da ɗinya, tsinkar tsada da gwandar daji. Yaro ya san marke yana da ƙarfi don ya ga an sassaƙa ƙotar fartanya da shi. Ya san gawo yana zubar da ganye da damina ya fitar da rani, don ya ga dabbobi sun taru a gindinsa lokacin da ko'ina ya bushe. Ya san inda sabara da kalgo suka yi yawa ƙasa ta fara gajiya. Wannan ilimin ne ke sa mutum ya zama manomi na gaske, kuma yau muna yaye ɗalibai 'ya'yan manoma waɗanda iyakar duniyarsu ita ce ƙarshen gidajen gari.

Muna firamare wani malaminmu, Allah Ya jiƙansa, yakan fita da mu bakin ruwa bayan an ɗauke damina. Ba wani shiri mai tsada ba ne. Kowa da gorarsa ta ruwa, da ƙuli-ƙuli ko dafaffen rogo a aljihu. Shi yana gaba da sandarsa, babban ɗalibi yana baya don kada wani ya maƙale. Tafiya ce ta sannu, ana yi ana tsayawa. Zai nuna mana zalɓe tsaye a ruwa mara zurfi yana jiran kifi, ya nuna garken kirinjijiya, ya sa mu yi shiru mu ji kukan fakara daga cikin ciyawa. In muka iske masunta suna gyaran koma, sai ya gaishe su ya roƙi ɗaya ya nuna mana bambancin tarwaɗa da karfasa, ya gaya mana dalilin da ya sa Sarkin Ruwa ke hana su kama ƙanana. Darasin da ya fi zama a kaina shi ne na launin ruwa. Ya kai mu inda wani rafi ke shiga, ruwan ja wur, ya ce mu dubi inda ya fito. Gonaki ne da aka share tas har bakin gaɓa. Sannan ya kai mu wani gefen da itatuwa da ciyawa suka rufe, ruwan garai-garai. Bai yi dogon bayani ba. Zaizayar ƙasa da na zo ina koyarwa daga littafi daga baya, a wannan safiya na fahimce ta.

Mairuwa na zaɓa don dalili. Tana ƙasar Faskari, a kan babbar hanyar Funtuwa zuwa Gusau, kusa da jama'a, kuma ruwanta na cikin abin da Funtuwa ke sha. Wuri ne da masunta da masu noman rani ke zuwa neman abinci. Wannan tudu namu na kewayen Funtuwa kuwa daga nan Gulbin Sakkwato ke tasowa, ya ratsa Zamfara ya wuce har ya haɗu da Kwara. Yaron da ya tsaya a bakin wannan ruwa aka gaya masa haka, taswirar da ke bangon aji ta zama abu mai rai a wurinsa. Amma ba lallai sai Mairuwa ba. Kowane gari yana da tafkinsa ko fadamarsa ko dutsensa. 'Yan Ƙanƙara suna da wuraren da ake haƙar farar ƙasa, wadda ake loda wa motoci a kai masana'antu, kuma yawancin ɗaliban garin ba su taɓa tsayawa a bakin ramin sun ga yadda take kwance a ƙarƙashin jar ƙasa ba.

Na san abin da mai karatu zai ce, don an sha faɗa mini a ido: Malam, mutane na neman abin da za su sa a baki, wasu na gudun hijira, kai kana zancen yawon shan iska? Wani ma ya ce mini, kana so ka kai wa ɓarayi yaran mutane har gida ne? Tambaya ce mai nauyi, kuma duk wanda ya taɓa zama da uban da aka ɗauke wa ɗa ba zai raina ta ba. Ba na kiran kowa ya ɗebi yara ya nufi Dajin Rugu, ko ya bi ta Sabuwa ya shiga dazukan da suka haɗe da Birnin Gwari. Wannan ganganci ne, kuma da muguwar rawa gara ƙin tashi. Abin da nake kira shi ne a fara daga inda manomi da masunci suke zuwa kullum su dawo lafiya, a rana tsaka, da sanin hakimi da dagaci da jami'an tsaro, kuma in sun ce yau ba dama, a fasa ba tare da gardama ba. Su suka san abin da ke motsi. Amma a riƙa tambayarsu. Abin da ke damuna shi ne an daina tambayar kwata-kwata, an bar wa tsoro ya yanke hukunci na dindindin, har a wuraren da hali ya canja.

Mun ga yadda aka bi da mu ta hanyar janyewa. A ƙarshen Agusta 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta kafa dokar da ta taƙaita bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwanni da dama, har da na Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, ta hana motoci ɗauko itace daga daji. A watan Satumba aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi goma sha uku, namu uku na ciki. Ban ce babu hujja ba, lokacin wuta ce ke ci. Amma kowane mataki a cikinsu ja da baya ne: a rufe, a hana, a katse. Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya zo da rundunar tsaron al'umma a Oktoban 2023, 'ya'yan yankin da suka san hanyoyinsa. Sannan a 2025 aka yi ta zaman sulhu a wasu ƙananan hukumomi, wanda jama'a suka rabu a kansa, wasu na murna don sun koma gona, wasu na cewa an sha yi an sha warwarewa, kuma dukkansu suna da abin kafa hujja. Ko wanne ɓangare mutum yake, akwai tambayar da ba a amsa ba: in an sami sarari, wa zai cike shi? Gidan da masu shi suka daina shiga kango yake zama, macizai su gaje shi. Ƙasar da mutanen kirki suka daina takawa haka take. Soja zai zo ya wuce, amma hanyar ƙafa ba ta zama hanya sai da masu bin ta yau da gobe.

Ga kuma batun Kogo, wanda ke ci mini rai. A ƙarshen shekarar 2020, daidai lokacin da muke cikin jimamin yaran Ƙanƙara, aka sanar cewa Shugaba Muhammadu Buhari ya amince da ƙarin manyan gandayen daji na ƙasa guda goma a kan bakwai da ake da su. A cikinsu akwai Falgore ta Kano, da fadamun Haɗeja na Jigawa, da gandun dajin Kogo namu na nan ƙasar Faskari. Wato a takarda muna da wuri mai daraja irin ta Gashaka Gumti da Kainji. Ka tambayi ɗalibai goma a Faskari ko sun san da wannan, ka ji amsa. Maƙwabcinsa Kamuku na Birnin Gwari ya riga shi samun wannan matsayi tun 1999, kuma matsayin bai hana ɓarayi mayar da shi mafaka ba. Suna a takardar gwamnati ba ya tsare daji. Abin da ke tsare shi shi ne mutanen kewaye su ɗauke shi nasu, su san amfaninsa, su ji zafi in an taɓa shi. Yaron da bai taɓa zama a inuwar maɗaci ba, in ya girma ya zama kansila ko shugaban ƙaramar hukuma, me zai sa ya ƙi sa hannu a sare shi?

Wannan ya kawo ni ga wani haɗari da ba a cika zancensa ba. Zaman lafiya kansa yana iya cinye daji. A ƙasar Kolombiya ta Kudancin Amurka, bayan yarjejeniyar sulhu ta 2016 da 'yan tawayen FARC, dazukan da aka yi shekaru ba mai shiga suka buɗe. Masu bincike suka shiga, masu kallon tsuntsaye suka shiga, wasu tsofaffin mayaƙa ma suka koma ja-gorar baƙi don su suka san hanya. Amma a shekarar da ta biyo baya sare daji ya ƙaru sosai, don masu neman fili da katako sun riga kowa isa. Mu ma masu gawayi da masu injin yanka katako suna nan suna jira, kuma buhunan gawayin da ke jere a bakin titi ba daga sama suka faɗo ba. Ƙirya da marke da kaɗe ne. Ban ga laifin talakan da ke ƙona gawayi don ciyar da iyali ba kamar yadda nake ganin laifin mai motar da ke saye da araha da wanda ke karɓar na goro ya kau da kai. In ranar buɗewa ta zo mana alhali ba mu da jama'ar da ta san darajar itatuwan nan, to za mu karɓi dajin daga hannun masu bindiga mu miƙa wa masu gatari.

Yadda nake hango tafiyar abu ne mai sauƙi. Lokacinta tsakanin kaka da farkon hunturu, sa'ad da ciyawa ta fara kwanciya, ruwa na nan cike, rana ba ta yi zafi ba. A fita bayan an karya kumallo, aji ɗaya kawai, ba makaranta duka ba. Ba dole a zagaye ruwan gaba ɗaya ba, a yi abin da ƙaramin cikinsu zai iya, a juyo. Kowa da takalmi mai rufi saboda ƙaya da kububuwa. Ba wanka, ba shiga ruwa, don tsargiya tana kwance a irin waɗannan ruwaye, kuma yaran da ruwa ya ci a madatsai ba kaɗan ba ne. Ba a shelanta rana da wuri a Facebook ko WhatsApp kafin a je, kowa ya san matsalar infoma. 'Yan mata su ma su je, da malamarsu, domin su ne za su gaji sana'ar kalwa da man kaɗe, kuma su aka fi kullewa a gida tun da wannan masifa ta faro. Kowane yaro ya dawo da ganye uku da sunayensu, ya je ya tambayi kakarsa amfaninsu.

Masu ja-gora kuwa muna da su, kuma suna ƙarewa. Tsofaffin maharba na nan waɗanda suka san sawun kowace dabba. Akwai masunta. Akwai tsofaffin malaman daji da suka yi ritaya, waɗanda suka san iyakar kowane gandu tun kafin a cinye ta. A ba su ɗan abin goro, a ba su girmansu a gaban yara.

Sai wanda na fi so a sa a gaba, ko da yake na san maganar za ta yi wa wasu ɗaci: a gayyaci Arɗo, a gayyaci 'ya'yan rugar da ke kusa. Babu wanda ya san ciyawa da mashaya da burtali kamar Bafulatanin da ya tashi a bayan shanu. Kafin wannan fitina, uwar ɗakin mahaifiyata Bafulatana ce mai kawo nono, in ta zo sai ta zauna ta sha ruwa a tsakar gidanmu, da kaka kuma shanunsu su kwana a gonarmu su bar mana taki. Yau yaron gari yana ganin kowane ɗan Fulani ɓarawo ne, yaron ruga yana ganin kowane ɗan gari ɗan sa-kai ne mai neman ransa. Kowanne yana da gawar da zai nuna. Mutanen Kadisau ba su manta da abin da aka yi musu a Yunin 2020 ba, kuma akwai rugagen da aka ƙone waɗanda ba su taɓa ɗaukar bindiga ba. Manya suna zama a ƙarƙashin rumfa su yi musafaha a ɗauki hoto, amma yaran da za su rayu da juna shekara arba'in masu zuwa ba su taɓa tafiya kafaɗa da kafaɗa ba. In ɗan ruga ya nuna wa ɗan gari ciyawar da ke kumbura wa saniya ciki, ɗan gari ya nuna masa garinsu a taswira, suka ci rogo ɗaya a gindin tsamiya ɗaya, ban ce an gama sulhu ba. Amma gobe in wani ya zo ya ce wa ɗayansu wancan ba mutum ba ne, zai tuna da fuska da suna.

Manya ma tafiyar za ta yi musu rana. Hawan jini da ciwon suga sun yi yawa a cikinmu, zaman fargaba kuma ya ƙara. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba babba shawarar motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako, kuma tafiyar ƙafa na ciki. Dattawan da ke wuni a kan benci suna juya labarin wanda aka ɗauke da wanda aka sako, da za su riƙa rakiyar jikokinsu bakin ruwa, da jikinsu da zuciyarsu sun samu sauƙi.

Roƙona yana wurin shugabannin ƙananan hukumomin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, da sakatarorin ilimi, da iyayenmu hakimai. Kowace ƙaramar hukuma ta zaɓi wuri ɗaya kusa da gari, bakin ruwa ko fadama ko dutse. A hana sare itace a gefensa, a sa dagaci ya tsaya a kan haka. A share 'yar hanyar ƙafa da aikin gayya, a dasa ɗorawa da maɗaci a inda aka yi gibi, kowane aji da nasa itatuwan da zai riƙa dubawa. A sa ranar fita a jadawalin zangon farko na karatu. In zangon ya zo jami'an tsaro suka ce a dakata, a dakata, a gaya wa iyaye gaskiyar dalili, sannan a sake kai musu tambayar a zango na gaba. Hukumar kula da gandayen daji ta ƙasa kuma ta turo jami'anta makarantun Faskari da Sabuwa su gaya wa ɗalibai abin da ke cikin Kogo da inda iyakarsa take, tun kafin ranar da za a iya kai su.